Susannah Place: Tarihin Wasu Gidajen Haya Huɗu a Bakin Tashar Jiragen Ruwa ta Sidni

1.0 Gabatarwa

Yawancin gine-ginen da al'ummomi kan keɓe domin tarihi na manya ne: fadoji, da ganuwa, da wuraren ibada, da gidajen attajirai. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Mai hali shi ke gini da abin da zai daɗe, shi ke barin magada masu kula da abin da ya bari, kuma sunansa ne kan shiga takardu. Gidan talaka kuwa, balle ɗan haya, da wuya ya ga jikoki bai faɗi ba ko ba a rushe shi ba, in ya tafi kuma sai ya tafi da labarin waɗanda suka kwana a cikinsa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi tarihin wani gini da ya kauce wa wannan ƙa'ida, watau Susannah Place, jerin gidaje huɗu masu lamba 58 zuwa 64 a Titin Gloucester, cikin unguwar The Rocks da ke bakin tashar jiragen ruwa ta birnin Sidni, a ƙasar Ostareliya. An gina gidajen a shekarar 1844, mutane suka yi ta zama a ciki ba yankewa har 1990, shekara 146 ke nan, kuma iyalai fiye da 100 suka shiga suka fita. Za a duba yadda ginin ya tsallake rusau har sau uku, da waɗanda suka tsaya masa, sa'an nan da abin da ya sami jama'ar unguwar bayan doka ta ɗauki gine-ginensu ƙarƙashin kariyarta.

2.0 Unguwar Duwatsu

Kafin zuwan Turawa wannan gaɓa ƙasar mutanen Gadigal ce, waɗanda ke kiran tudun Tallawoladah, suna kamun kifi a lungun tekun da ke ƙarƙashinsa. Ranar 26 ga Janairu 1788 ayarin jiragen ruwa na Ingila a ƙarƙashin Gwamna Arthur Phillip ya sauka a wurin, ɗauke da 'yan sarƙa, watau fursunonin da kotunan Ingila suka yanke wa hukuncin kora daga ƙasa. Shekara guda bayan haka, cikin 1789, agana ta ɓarke ta hallaka jama'a mai yawa daga cikin 'yan ƙasa, waɗanda suka saura kuma aka yi ta ture su daga gaɓar.

Tun farkon zama garin ya rabu biyu. Gwamna da manyan ma'aikatansa suka zauna gabas da lungun tekun, 'yan sarƙa kuwa suka hau tudun duwatsun da ke yamma suka kafa bukkoki. Daga waɗannan duwatsu ne unguwar ta sami sunanta, domin ma'anar The Rocks ita ce Duwatsu. Ba wanda ya shata mata tituna. Hanyoyin ƙafa ne suka bi kwanciyar dutse, sai a 1810 Gwamna Lachlan Macquarie ya raɗa musu sunaye, ciki har da Gloucester da Cumberland da Argyle.

Da ciniki ya buɗe, musamman fitar da gashin tumaki zuwa Ingila, sai unguwar ta zama matattarar duk wanda abincinsa ke bakin ruwa: matuƙan jirage, da 'yan dako, da masu amalanke, da maƙeran jirage, da masu masaukai da gidajen giya, da mata masu wankau da ɗinki. Attajirai suka gina manyan gidaje a ƙwanƙolin tudu inda iska take, talakawa suka cunkushe a gangare inda ruwan ƙazanta ke malalowa. A 1840 aka daina kawo 'yan sarƙa New South Wales, hukuma ta koma ga jawo 'yantattun baƙi ta hanyar biya musu kuɗin jirgi. Buƙatar gidajen haya ta ƙaru ainun.

3.0 Ginin da Masu Shi

Cikin irin waɗannan baƙi akwai Edward Riley da matarsa Mary, mutanen ƙasar Ailan, waɗanda suka iso Sidni a 1838 tare da wata 'yar danginsu mai suna Susannah Sterne. Cikin shekara shida suka mallaki fili a Titin Gloucester suka tayar da gidaje huɗu, alhali kuwa lokacin ƙasar tana cikin matsin tattalin arziki mai tsanani, har wani babban banki ya karye a 1843. Suka sa wa ginin sunan yarinyar, aka sassaƙa sunan da shekarar a wani allon dutse da ke goshin ginin har yanzu.

Ya kamata a bayyana fasalin irin wannan gini, domin ya sha bamban da gida mai zaure da tsakar gida. Gidajen jere salo ne da aka ɗauko daga biranen Ingila: gidaje iri ɗaya, ƙanana, a manne da juna, bango ɗaya ne ya raba kowane gida da maƙwabcinsa, kowanne kuma da ƙofarsa da ke buɗewa kai tsaye bisa titi. Amfaninsa ga mai fili shi ne ya sami gidajen haya da yawa a ɗan ƙaramin wuri. Haɗarinsa kuwa gobara, domin in wuta ta kama ɗaya sai ta bi jeren. Saboda haka dokar gini ta Sidni ta 1837, wadda aka kwaikwayo daga ta Landan, ta wajabta a yi bangon tsakani da bulo ko dutse, a kuma ɗaga shi ya zarce rufi. Bisa wannan doka aka gina Susannah Place, da jan bulo a kan harsashin dutse.

Da yake filin gangare ne, ta fuskar Titin Gloucester ginin hawa biyu ne, ta baya kuwa hawa uku, inda hawan ƙasa, wanda aka sara cikin dutse, ya zama madafa. Bayan kowane gida akwai ɗan fili mai makewayi da wurin wanki. Gida mai lamba 64, na kan kwana, an yi shi da kanti a gabansa. Kafin 1860 an jawo wa gidajen ruwan famfo an kuma haɗa su da magudanar ƙazanta ta birni, abin da gidaje da yawa na unguwar suka daɗe ba su samu ba. Wannan inganci zai yi rana nan gaba.

Su Riley sun zauna a lamba 62 suna karɓar hayar sauran ukun. Edward ya rasu a 1853, Mary ta ci gaba da riƙon gidajen ita kaɗai har rasuwarta a 1874. A wasiyyarta ta bar wa ɗiyar Susannah gidaje biyu, sauran biyun ta ba Cocin Ingila. Daga nan ginin ya zama na 'yan haya kusan zalla, masu shiga da fita gwargwadon samun aiki a tashar jirage.

4.0 Annobar 1900: Gwamnati Ta Zama Mai Gida

Rusau na farko annoba ce ta kawo shi. A watan Janairu 1900 wani mai amalanke da ke zaune a Millers Point, unguwar da ke manne da The Rocks, ya kamu da annobar nan da ƙumar ɓera ke yaɗawa, wadda jiragen ruwa suka yi ta kaiwa tashoshin duniya a waɗannan shekaru. Kafin ƙarshen Agusta mutum 303 sun kamu a Sidni, 103 sun mutu. Aka killace unguwannin bakin ruwa, aka kai masu cutar da waɗanda suka cuɗanya da su sansanin keɓewa na North Head, aka shiga wanke lunguna da ƙona tarkace, aka kashe ɓeraye fiye da 44,000. Babban jami'in lafiya na lokacin, John Ashburton Thompson, ya tattara bayanan da suka ƙarfafa ra'ayin cewa ɓera da ƙumarsa ne tushen yaɗuwar cutar.

Abin lura shi ne kaɗan ne daga cikin mamatan mutanen The Rocks. Cutar ta fi bin rumbunan kaya da tsofaffin matsayan jirage na Darling Harbour. Amma unguwar ta riga ta yi ƙaurin suna a jaridu da bakin manyan gari a matsayin matattarar ƙazanta da ɓata-gari, kuma gwamnati ta daɗe tana son karɓe bakin ruwan daga hannun 'yan kasuwa domin ta sabunta tashar. Annoba ta ba ta hujja. Cikin 1900 da 1901 ta karɓe matsayan jirage da unguwannin da ke bayansu, ta biya masu gidaje diyya, ta kafa hukumar kula da tashar Sidni, aka rushe ɗaruruwan gidaje. Susannah Place, da yake ginin bulo ne mai ruwa da magudana, bai shiga cikin waɗanda aka yanke wa hukunci ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya zo ya tsayar da sauran shirin.

Wannan karɓewa ta haifar da abin da ba a nufa ba. Gwamnati ta zama mai gidan dubban talakawa, alhali hukumomin da aka ɗora wa aikin, har da Hukumar Harkokin Jiragen Ruwa da ta gaji aikin a 1936, hankalinsu yana kan jirage da kaya ne, ba kan gidaje ba. Haya ta tsaya da sauƙi, sau da yawa ɗa kan gaji hayar uba, iyalai suka yi aure a junansu suka kafu. Gyara kuwa sai wanda ya zama tilas. Ba wanda ya fasa bango domin faɗaɗa ɗaki, ba wanda ya shigar da makewayi cikin gida. Ɗan haya ba shi da iko, mai gida ba shi da sha'awa. Wani hani ga Allah baiwa ne: rashin kulawar nan ita ce ta bar ginin da kamanninsa na asali.

5.0 Gada da Babbar Hanya

Rusau na biyu ya zo da Gadar Sidni, wadda aka fara aikinta a 1923 aka buɗe ta ranar 19 ga Maris 1932. Hanyar hawa gadar ta kudu ta bi ta ƙwanƙolin tudun, ta haɗiye Titin Princes gaba ɗaya da gidajen da ke kansa, ta kuma raba The Rocks da Millers Point. Diyya ta tafi ga masu mallaka; 'yan haya sai neman wani wuri. A 1958 babbar hanyar Cahill ta sake yanke wani ɓangare na kudancin unguwar. Duka biyun sun wuce kusa da Susannah Place ba su taɓa shi ba, kuma a nan babu wata hikima sai sa'ar inda injiniyoyi suka ja layinsu.

6.0 Koren Takunkumi

Rusau na uku shi ne mafi girma, shi ne kuma wanda ba sa'a ce ta kawar da shi ba. Cikin shekarun 1960 sufurin teku ya koma ga manyan kwantenoni, waɗanda ke buƙatar fili mai faɗi da injuna maimakon ɗimbin 'yan dako, tashar kaya ta fara ƙaura daga tsakiyar birni. Ƙasar The Rocks, wadda ke dab da cibiyar kasuwanci, ta zama zinariya. A 1968 majalisar jiha ta yi dokar kafa Hukumar Sabunta Sydney Cove, wadda ta karɓi unguwar a 1970, ta fito da shiri na kimanin dala miliyan 500 na share yawancin tsofaffin gidaje a maye gurbinsu da dogayen benaye na ofisoshi da otal-otal.

Mazauna unguwar suka kafa ƙungiya a ƙarƙashin jagorancin Nita McRae, wadda zuriyarta ta daɗe a wurin. Da koke-kokensu ga hukuma suka ci tura, sai suka nufi ƙungiyar ƙwadago ta leburorin gini, reshen New South Wales, wadda Jack Mundey ke sakatarenta, tare da Bob Pringle da Joe Owens. A watan Yuni 1971 wannan ƙungiya ta riga ta ƙi yin aiki a wani daji mai suna Kelly's Bush domin amsa kiran matan wata unguwa. Kafin ƙarshen shekarar ta sa wa The Rocks irin wannan takunkumi: ba leburan da zai ɗaga guduma a kan gidan da mazauna ba su yarda a rushe ba. Mundey ya kira wannan mataki koren takunkumi, domin ya bambanta shi da baƙin takunkumi da ƙungiyoyi suka saba sawa kan albashi da sharuɗɗan aiki. Abin mamakin shi ne leburorin suna hana kansu aikin da za su ci abinci da shi ne, saboda gidajen waɗansu.

Mazaunan ba su tsaya ga ƙi kawai ba. Da taimakon waɗansu masu zanen gini da malaman jami'a suka tsara nasu shirin, wanda ya nemi a gyara tsofaffin gidaje a bar masu ƙaramin ƙarfi a cikinsu. A watan Oktoba 1973 aka kawo leburorin da ba 'yan ƙungiya ba su yi rusau a Titin Playfair. Mazauna da 'yan ƙungiya suka mamaye wurin, 'yan sanda suka kama mutane da dama, har da Mundey. Ƙungiyar ta sha wuya daga baya, domin an soke rajistarta a 1974, uwar ƙungiya ta ƙasa kuma ta rushe shugabancin reshen. Amma kafin nan ra'ayin jama'a ya juya, aka jingine shirin dogayen benaye. A 1977 jihar ta yi Dokar Gadon Tarihi, wadda ta kafa majalisar da ke ba da shawara kan wuraren da za a kare. Domin tsugunar da waɗanda aka riga aka tayar kuma, aka gina benen Sirius mai gidaje 79, wanda aka kammala a 1980.

7.0 Daga Gidan Haya Zuwa Gidan Tarihi

Duk tsawon wannan rikici gidajen Susannah Place suna ta tsufa, ɗaya bayan ɗaya suna zama kango, sai iyali guda da ya zauna a lamba 62 yana kula da jeren har 1990. Cikin ƙarshen shekarun 1980 hukumar unguwar ta haɗa hannu da Hukumar Gidajen Tarihi ta jihar, aka buɗe ginin ga jama'a a 1993, aka kuma shigar da shi Rajistar Gadon Tarihi ta Jiha a 1999. Shi kuwa Mundey, wanda aka taɓa jefawa motar 'yan sanda a unguwar, ya shugabanci Hukumar Gidajen Tarihi daga 1995 zuwa 2001.

Hanyar da aka bi wajen adana ginin ta cancanci nazari. Al'adar da aka saba ita ce a zaɓi zamani guda, a kankare duk abin da ya biyo bayansa, a mayar da gini sabo fil. A nan an bi ruhin Yarjejeniyar Burra ta 1979, wadda masana adana gine-gine na Ostareliya suka tsara, mai cewa a yi gyaran da ya wajaba kurum, a kuma rage taɓa jikin gini iyakar iyawa. Saboda haka aka bar fenti bisa fenti, da takardar adon bango bisa wata, da ledar ɗaki bisa wata, da tukunyar wanki a bayan gida, kowanne yana shaidar hannun wani ɗan haya da abin da aljihunsa ya iya. Aka nemo tsofaffin mazauna da 'ya'yansu aka ɗauki bayanansu na baka, da su aka shirya ɗakunan, kowane ɗaki da iyalinsa da zamaninsa. Kantin lamba 64 aka mayar da shi kamar yadda yake wajen 1915, lokacin da wani mutumin Suwidin da matarsa ke riƙe da shi.

Wata shaida ta fito daga ƙetaren titi. A 1994 masana binciken kufai suka tone filin da ke tsakanin Titin Cumberland da na Gloucester, inda aka rushe gidaje bayan annoba, suka sami abubuwa fiye da 750,000: tangaran masu ado, da kayan wasan yara, da maɓallai, da kwalaben magani, da ƙasusuwan naman da aka ci. Masaniyar tarihi Grace Karskens ta haɗa waɗannan da takardun zamanin, ta nuna cewa mutanen da jaridu suka kira ƙazamai iyalai ne masu tattali da son tsafta da ado gwargwadon hali. Ashe baƙin sunan unguwar daga waje aka liƙa mata shi, kuma da shi aka halatta rushe ta.

8.0 Gini Ya Tsaya, Jama'a Ta Watse

Da labarin ya ƙare a nan da sai a ce an yi nasara. Amma abin da Nita McRae da maƙwabtanta suka nema shi ne su zauna a unguwarsu, ba a adana musu bango kawai ba. The Rocks da ta tsira ta koma wurin yawon buɗe ido, mai kantunan tsaraba da gidajen abinci, mazaunanta na asali suna raguwa. Millers Point ce ta riƙe jama'arta, kuma a 2003 aka shigar da unguwar cikin rajistar jiha, bisa dalilan da suka haɗa da daɗewar al'ummarta a wurin.

A watan Maris 2014 gwamnatin jihar ta ba da sanarwar sayar da gidajenta 293 a Millers Point da Titin Gloucester da benen Sirius, da kuma mayar da 'yan hayar wasu unguwanni. Hujjarta ita ce gyaran tsofaffin gidajen yana cin kuɗi mai yawa, kuma kuɗin gida ɗaya a bakin ruwa zai gina gidaje da dama ga masu jiran layi a wani wuri. Hujja ce mai nauyi, domin masu jiran su ma talakawa ne. Masu adawa suka ce da yawa daga cikin waɗanda za a tayar tsofaffi ne da ba su san wata unguwa ba, kuma al'ummar da ta yi shekaru fiye da 100 tana kafuwa ba a sake dasa ta. Majalisar Gadon Tarihi ta ba da shawarar a kare Sirius, minista ya ƙi a 2016. Mazauninsa na ƙarshe ya fita a 2018, aka sayar da benen a 2019 kan dala miliyan 150. Gidajen jeren da leburori suka hana a rushe, masu hannu da shuni ne suka saye su, kuma tsufan nan nasu da doka ta kare shi ne ya ƙara musu daraja a kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

9.0 Kammalawa

An ga cewa abubuwa huɗu ne suka tsirar da Susannah Place: ingancin gininsa a 1900, da sa'a a zamanin gada, da sakacin mai gida na tsawon shekaru, sa'an nan da tsayuwar dakan mazauna da leburori a shekarun 1970. Doka daga baya ta zo, ta tarar da aikin an riga an yi. An kuma ga iyakar dokar: tana da ikon hana a cire taga ko a canja rufi, amma ba ta da ikon hana a tayar da wanda ke kwana a ƙarƙashin rufin.

Darajar waɗannan gidaje huɗu ga mai nazarin tarihi ita ce sun adana irin shaidar da takardun hukuma ba su adanawa, watau yadda ɗan dako da mai wankau suka dafa abinci, suka yi wanka, suka ƙawata ɗakin da ba nasu ba. Amma sun zama shaida ne bayan mai zama na ƙarshe ya miƙa mabuɗi. Tambayar da tarihinsu ya bar wa masu tsara dokokin gado ita ce ko za a iya kare unguwa tare da mutanenta, ko kuwa sai sun fita za a san darajarta.